Markus Bulus da Danladi Ishaya Mutum Ɗaya Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtar da 'Yan Wasa na gasar ƙwallon kwando ta kamfanoni, ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan membobin kwamitinka. Ina yi muku sannu da aiki, domin na ga aikin da idona har sau uku, kuma ba ƙarami ba ne.

Sunana Ishaya. Kafinta ne ni, na yi wa reluwe aiki a nan Kafanchan har na yi ritaya, asalina kuwa Fadan Kagoma. Ban taɓa buga ƙwallon kwando ba, tsawona ma bai kai ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne kwamitinka ya dakatar da 'yan wasa biyu, Markus Bulus da Danladi Ishaya, kuma dukansu suna gidana. A gado ɗaya suke kwana, da cokali ɗaya suke cin abinci, domin mutum ɗaya ne. Na aiko maka da wannan bayani sau uku ta gidan waya. Amsa ɗaya na samu, aka ce an karɓi takardata, kuma a gaishe da yaran. Shi ya sa wannan karon na biyo ta jarida, ko Allah zai sa wani wanda ya san ka ya karanta maka.

Na ɗaya, yadda sunan ya zama biyu.

Yayana Bulus manomin citta ne a ƙauye. Ya rasu ya bar ɗa guda mai shekara biyar, wanda aka yi wa baftisma tun yana jariri da suna Markus. Ban da uwarsa Ladi, ba mai kiransa haka. Ranar Lahadi aka haife shi, don haka Danladi kowa ya sani. Bayan an gama zaman makoki dattawan gidanmu suka zauna, suka miƙa mini shi kamar yadda aka saba, na ɗora shi a kafaɗa har bakin titi muka taho Kafanchan. A lokacin yana ɗaukuwa.

A wurinmu, ranka ya daɗe, ba a cewa ɗan wana. Wanda aka ba ka ɗanka ne. Da na kai shi firamare hedimasta ya tambayi sunan uba, ni ne a tsaye a gabansa, sai na ce Ishaya. Ban so kowace safiya in ana kiran rajista a riƙa tuna wa yaro kabari. Akwai dalili na biyu, tunda na yi niyyar faɗin gaskiya duka: katin asibitin ma'aikata da fas ɗin jirgi na iyali, 'ya'yan ma'aikaci kaɗai suke ɗauka. Yara da yawa a kwatas ɗinmu haka aka rubuta su. Maƙwabcina Papa Chinedu, wanda ya yi aikin gyaran injin jirgi a reluwe, 'ya'ya tara gare shi a takarda, matarsa kuwa huɗu ta haifa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zamba. Riƙo muke ce masa.

Na biyu, katin farko.

Yaron ya yi ta tsawo ba da shawarar kowa ba. Sau uku ina ƙara wa gadonsa katako. Ƙofar ɗakinsa ma sai da na ɗaga ta, bayan ta fasa masa goshi. Awon ƙarshe da na yi masa da tef ɗina na aiki, ƙafa shida ne da inci takwas, ba takalmi. Na kawo wannan ne don kwamiti ya san ba irin mutumin da ake samun biyunsa a gari ɗaya ba ne.

Mu a gida matsalar yadi kawai muke gani a tsawon nan. Malamin wasanni na sakandarensu ne ya fara ganin amfaninsa. Ni na haɗa masa allo da ragowar katako, Papa Chinedu ya lanƙwasa rodi ya yi masa zobe, muka kafa a jikin mangwaron da ke bayan kwatas. Daga ranar, ƙarar ƙwallon nan ce take tashin mu kafin jirgin safe ya yi kuka. Maiɗakina Saratu ta yi faɗa har ta gaji ta koma sa masa ruwan wanka. Daga ƙungiyar makaranta ya shiga ta gari, aka yi masa katin ɗan wasa da sunan makaranta, Danladi Ishaya, aka manna hoton da aka ɗauka yana ɗan shekara goma sha shida, wuya kamar na zabo, kunnuwa sun fi fuska faɗi. Wannan shi ne kati na farko a fayil ɗinku.

Na uku, kati na biyu.

Bara waccan kocin wani kamfani ya zo gari ya ga wasansa, ya ce zai ɗauke shi. Ka fi ni sanin yadda ake yi: kamfani ya ɗauki yaro a matsayin ma'aikaci, a takarda shi akawun sito ne, amma aikinsa na gaskiya ƙwallo. Wurin cika fom aka ce ya kawo shaidar haihuwa. A ƙauyenmu lokacin da aka haife shi ba a ba da satifiket, shaidar da muke da ita katin baftisma ce, wadda uwarsa ta adana a cikin Littafi Mai Tsarki na marigayin. Ya je ya karɓo. Akawun kamfani ya kwafi abin da ya gani, wato Markus Bulus. Yaron ya gaya masa yana da wani sunan, akawun ya duba fom ya ce layi ɗaya ne aka bari. Haka kati na biyu ya samu.

Ya buga kakar wasa guda cur da wannan suna. Ni ban iya dokokin wasan ba, abin da na sani shi ne in ya ɗaga hannu a ƙarƙashin kwando sauran sai su jira ya gama. Wata Asabar muna zaune a shagona aka kawo labarin wasanni a rediyo, muka ji an ce Markus Bulus ne ya fi kowa cin maki. Papa Chinedu ya tambaye ni wane ne wannan. Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna ƙwarai, kuma wani abu ya soke ni a ƙirji a lokaci guda, don shekara goma sha shida ina ciyar da Danladi Ishaya, rediyo kuwa ba ta san shi ba. Da na je ƙauye bayan sati biyu, Ladi ta gaya mini ta ji sunan mijinta a rediyon maƙwabta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga nan ban ƙara jin sukar ba.

Na huɗu, ƙarar da aka kawo muku.

Farkon kakar bana kulob ɗinsu ya ci wani kulob. Mataimakin kocin waɗanda aka cin ya taɓa zama a Kafanchan, ya san yaron tun yana Danladi, har tuwo ya ci a gidana. Shi ya rubuto muku cewa wanda ya buga wasan ba Markus Bulus ba ne. Ba na ƙullace shi, domin abin da ya faɗa rabinsa gaskiya ne, kuma an ci su da yawa. Kwamitinka ya buɗe fayil ya ga kati biyu, ya yanke cewa ɗaya yana bugawa da sunan ɗaya, amma ba a san wane ne yake bugawa da sunan wane ba. Don kada a yi wa kowa rashin adalci, aka dakatar da su duka, aka ce su bayyana tare.

Na biyar, zaman da aka yi. Ina roƙon a karanta wannan sashe a hankali, don ina wurin.

Zama na farko ranar Talata ne. Muka hau motar asuba zuwa Kaduna, tunda jirgi yanzu sai an yi sa'a. Sakatarenka ya kira Markus Bulus, yaron ya miƙe ya amsa. Ya kira Danladi Ishaya, ya sake miƙewa ya amsa. Sakatare ya gargaɗe shi kada ya ƙara amsa wa wani. Aka rubuta cewa Markus ya zo, Danladi bai zo ba, aka ɗage zama.

Zama na biyu, Papa Chinedu ya ba da shawara cewa tunda an riga an ga Markus, wannan karon ya je a matsayin Danladi, lissafi ya cika. Mun ga hikima a cikin shawarar. Aka rubuta cewa Danladi ya zo, Markus kuma ya raina kwamiti, aka ƙara masa wata uku. Wani memba mai kirki ya ce a gwada hotunan biyu. Aka gwada, aka ga na katin farko ba shi da gashin baki, na biyun yana da shi. Aka rubuta cewa akwai kama, irin ta 'yan'uwa.

Zama na uku na zo da shaidu: uwarsa, da Papa Chinedu, da dattijon ikilisiyarmu ɗauke da babban littafin baftisma a cikin buhu. Ba a bar su sun shiga ba, domin a ƙa'idarku ba a sauraron shaida sai waɗanda ake tuhuma sun cika. Ladi ba ta taɓa zuwa Kaduna ba sai ranar, ta bar cittarta a gona ba mai cire mata ciyawa. A bakin ƙofa ta ce wa sakatarenka, "Ɗana, ni ɗaya na haifa. In kuna da na biyu ku fito mini da shi, ina so." Papa Chinedu kuma ya ce masa, "Oga, wannan yaro shi ne shi. Tun shi na ƙarami shi na fasa mini gilas na taga da bol, ni ba zai manta fuskan shi ba." Sakatare ya ce ya ji, amma a waje ya ji, don haka ba zai shiga rubutu ba.

Na shida, halin da ake ciki.

Tun farkon damina yaron yana gida. Ragowar zagaye na farko na gasar ya wuce shi gaba ɗaya. Gari dai ya amfana. Ba sauran mangwaro a saman kowace bishiya a unguwarmu. Majami'a ta daina aron tsani, shi yake canza ƙwan lantarki ya share yanar gizo. Matan zumunta suna aiko a ba su aronsa in za su ɗaura labule. Yana zuwa, ba ya musu. Abinci kuwa yana ci daidai da yadda fayil ɗinku ya nuna, na mutum biyu.

Kocinsa ya aiko da saƙo cewa za a rufe rajistar zagaye na biyu ƙarshen watan nan. Ya riƙe masa gurbi da rigarsa har yanzu, amma ba zai iya wuce nan ba, domin kamfani ya ce akawun sito da ba ya buga ƙwallo ba shi da amfani, tunda bai san ko inda siton yake ba. Shekararsa ashirin da biyu. An gaya mini wannan sana'a gwiwa take ci, kuma wanda ya zauna kaka biyu ba a cika tuna shi ba. Sati biyu ke nan ban ji ƙarar ƙwallo a bayan kwatas ba. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawo safiyar da zan yi barci ba wannan ƙara. Ga shi ta zo, kullum sai in farka a daidai lokacin in kwanta ina saurare. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ban saba faɗin haka ba.

Na bakwai, abin da ya hana a gama.

A nan dole in yi wa ofishinka adalci. Bayan zama na uku wata baiwar Allah mai buga tafireta ta biyo mu waje, ta gaya mana hanya: yaron ya je kotu ya yi rantsuwa cewa ya ajiye suna ɗaya ya riƙe ɗaya, a buga a jarida, sai a rufe kati guda. Na gode mata. Aikin yini ɗaya ne, kuma da an gaya mana tun zaman farko da ciyawa ba ta cinye wa Ladi citta ba.

Na raka shi kotu a nan Kafanchan. Aka ba shi fom da biro, ya zauna a benci tun safe har aka tashi, bai rubuta komai ba. A hanyar gida muna tafe ya ce mini, "Baba, wanne zan soke? Wanda ya haife ni, ko wanda ya riƙe ni?" Ba a tsakiyar titi ake irin wannan magana ba.

Muka kai maganar ƙauye. Ladi ta ce a bar Ishaya, wai ni na sha wahalarsa, ita ba za ta ci amanar riƙo ba. Ni na ce a bar Bulus. Ta ce sam, na ce sam. Dattawa suka yaba mana duka biyu, aka sha kunu, aka watse ba a yanke komai ba. Haka muke a wurinmu, kowa yana tura wa ɗan'uwansa girma, yaron kuma yana tsakiya. Washegari ya shigo shagona ya ce shi ya haƙura da ƙwallo, in koya masa kafinta, don katako ba ya tambayar sunan uba. Na ba shi zarto don in ga gudun ruwansa. Benci ɗaya ya haɗa, ya auna shi da ƙafarsa, duk wanda ya zauna a kai ƙafafunsa lilo suke yi. Na shekara talatin ina wannan aiki, ina tabbatar wa kwamiti cewa yaron nan ba kafinta ba ne.

Don haka tunda shi ba zai iya zaɓa ba, kuma bai kamata a ce ya zaɓa ba, ni na zaɓa. Ba shi ya ba kansa suna Ishaya ba, ni na faɗa wa hedimasta. Jiya na koma kotun ni kaɗai, na rantse cewa ni na ba da sunan kuma na janye abina. Takardar rantsuwar tana hanya zuwa ofishinka ta gidan waya. An ce sai an buga a jarida, to ga shi an buga. Yaron bai san na yi ba, a nan zai gani kamar kowa, kuma na san zai yi fushi. Ladi ma za ta yi. Abin da aka buga ya bugu.

Yayana ya mutu bai bar gona mai girma ba, bai bar gidan kwano ba, ɗan nan kaɗai ya bari. Ni ina da 'ya'ya uku da suke amsa sunana, ko da yake duk gajeru ne. Na ci moriyar yaron nan shekara goma sha bakwai, na gan shi ya girma a gabana, abin da Bulus bai samu ba. In rediyo za ta kira wani, shi ya kamata ta kira.

Saboda haka ina roƙon kwamiti mai girma abubuwa kamar haka.

A janye dakatarwar da aka yi wa Markus Bulus kafin ƙarshen watan nan, har da wata ukun da aka ƙara masa saboda ƙin zuwa zaman da ya zo.

In dole ne sai an hukunta wani don kada aikin kwamiti ya tafi a banza, a hukunta Danladi Ishaya. A hana shi buga ƙwallon kwando har abada. Ni ne ubansa, kuma na yi alkawari ba zai ɗaukaka ƙara ba.

A ƙara layi ɗaya a fom ɗin rajista. Yaran riƙo suna da yawa a ƙasarmu, daga Kagarko har Zangon Kataf, kuma wasu cikinsu dogaye ne.

Ina kuma sanar da kwamiti, cikin ladabi, cewa a cikin gidana zan ci gaba da kiransa Danladi, Saratu ma haka, domin na duba ban ga inda ikonku ya kai tsakar gidana ba.

Na ƙarshe, an gaya mini katin da aka soke yaga shi ake yi a jefa a kwandon shara. Ina roƙo kada a yaga wannan. Hoton da ke jiki shi kaɗai ne aka ɗauke shi a waɗancan shekaru, ni na kai shi wurin mai hoto, rigata ce ma a jikinsa, hannun bai kai masa ba. A sa mini shi a ambulan a aiko. In aiko da shi zai zama wahala, zan hau mota in zo in karɓa, na riga na san hanya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da basirar shari'a, ya raya maka 'ya'yanka, waɗanda ka haifa da waɗanda aka ba ka. Mu a nan za mu ci gaba da sa ku a addu'a ranar Lahadi, kai da sakatarenka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ishaya, tsohon kafintan reluwe, Kafanchan,
ƙanin marigayi Bulus, mahaifin Markus.